Rigar da Na Yi wa Ƙwaryar Inna Hajjo

A bangon shagona, can ciki, sama da ƙusar da nake rataye almakashi, akwai wani abu mai siffar ƙwarya wanda ba ƙwarya ba ne. Launinsa kamar zuma, cikinsa kuwa zane ne tun daga baki har gindi. Duk saurayin da ya shigo neman koyon aikin fiba, wato gyaran kaya da ruwan nan mai daskarewa kamar roba, shi yake fara ɗauka a waya, wani ma kafin ya gama gaishe ni. Sai ya ce, "Baba, wannan dizayin ya haɗu, shi za ka fara koya mini." Ni kuma in ce masa ya ajiye wayar ya ɗauki tsintsiya. Riga ce na yi wa ƙwaryar wata tsohuwa, Inna Hajjo, a lokacin da ƙwaryar nan ita kaɗai ta rage mata cikin kayanta. Amma ba za ku gane labarin ba sai kun san abin da ruwan fiba yake yi idan an juya masa baya.

Na san inda kuka samo sha'awar. Kun ga wani Bature a waya, da safar hannu shuɗiya, yana tsiyaya ruwa mai launi tsakanin katako biyu, ana ɗan kiɗa a hankali, kafin ku haɗiye yawu tebur ya fito yana ƙyalli. Ba a nuna muku sanyin ɗakin da yake aiki ba, ba a nuna muku teburan da suka tsage ya kai bola ba. Sai ku taso nan Kontagora, a watan da ƙarfe ke ƙona hannu tun da hantsi, ku ce za ku yi irinsa a ƙarƙashin rumfar kwano. Wani cikinku ya taɓa ce mini ai aikin bai wuce damun kunu ba, a zuba, a juya, a jira ya bushe. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin kunun da ya fasa kwanon da aka zuba shi. Ya yi dariya, a zatonsa wasa nake.

Ruwan fiba ba ya bushewa. Wannan shi ne karatun farko, kuma shi ne wanda mutanen garin nan suka ƙi haddacewa shekara da shekaru. Mu mutane ne masu shanya. Dawa, kuɓewa, barkono, wanki, tubali, komai namu rana ke gama shi. Shi kuwa wannan ruwan nuna yake yi daga ciki. Ka ɗiga masa maganinsa, wanda muke ce wa hadina, sai ya ɗauki zafi da kansa, ya yi kauri, ya daskare. Yayin da yake daskarewa kuma tsukewa yake yi. Tsukewar kaɗan ce, ido ba ya kama ta. Sai dai ya riga ya riƙe abin da ka shafa shi a kai, kuma ba zai saki ba, don haka sai ya ja abin tare da shi. In abin ya fi shi ƙarfi, fibar ta tsage ko ta ɓalle. In shi ya fi ƙarfi, abin ya lanƙwashe ko ya fashe. Sana'ar gaba ɗayanta ita ce ka sani, tun ruwan yana ruwa, ta ina zai ja, da wane ƙarfi, kuma wa zai sha kashi. Sauran shafe-shafe ne, ko mai fentin gini zai iya.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne yankan gwangwanin madara. Wurin Oga Ndagi na koya, wani Banufe gajere da ya yi aikin jiragen ruwa na fiba can ƙasarsu kafin ya hauro nan ya kafa rumfa kusa da tasha. Ya miƙo mini almakashi da buhun gwangwanaye da ya tsinto wurin masu shayi, ya ce in yanka su siri-siri, tsawon yatsa, in dandaƙe su da guduma su miƙe. Na ɗauka raini ne. Na zo koyon gyaran bambar mota da tankin ruwa, ga ni ina sana'ar bola. Sai da hannuna ya gama yankewa na ga amfaninsu. Oga Ndagi ba ya taɓa shafa ruwan sabuwar jarka a kan kayan mutum sai ya gwada shi. Zai dama kaɗan a murfin kwalba, ya shafa a gefe ɗaya na ɗan sirin gwangwanin, ya ajiye shi daidai inda aikin zai zauna, ya tafi shan shayinsa. In ya dawo ya tarar gwangwanin ya ɗan rusuna, sai ya ce ruwan mai ladabi ne. In ya tarar ya lanƙwashe kamar lauje, sai ya ce wannan ɗan dambe ne, a rage masa hadina, a shafa shi siri-siri, kada a bar shi ya taru wuri ɗaya. Ruwa ɗaya, jarka ɗaya, amma gwajin safe daban, na azahar daban. Har yau ban ga abin da ya fi gwangwanin nan faɗin gaskiya a shagon nan ba.

Bayan gwangwani sai tabarmar fiba, farin abin nan mai kamar furfura da ake shimfiɗawa cikin ruwan don ya yi ƙarfi. Bature a waya ba ya sosa jiki, ban san yadda yake yi ba. Ni makon da na fara yagar tabarmar nan, susar da na yi ta sa mahaifiyata ta ce ƙazuwa ce, ta ware mini tabarmar kwana da kwanon wanka, ta hana ƙannena zama kusa da ni. Da na kai ƙara wurin Oga, sai ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini damtsensa, ya ce in na daina jin ƙaiƙayin, to na fara zama ma'aikaci. Kayan aikinmu ba su da yawa: buroshi, almakashi, samfefa ta goge kaya, tsohuwar sirinji ta ɗiga hadina, da gwangwanin damu. Kowa na iya sayensu a kasuwa da safe. Shi ya sa duk shekara ake buɗe sabbin rumfunan fiba a garin nan, kafin damina ta kewayo an mai da su shagon cajin waya.

Wani direban hanyar Mashegu ya taɓa kawo mini bambar motarsa da ya buga wa kututture, lokacin na riga na buɗe rumfata. Fasinja na zaune a ciki, da doyarsu da kajinsu, shi kuma yana tsaye a kaina yana cewa in ƙara magani ya kama da wuri. Na ce masa in na ƙara zai yi zafi, ya ja da ƙarfi, bambar ta murɗe. Ya ce to. Na juya ɗauko samfefa, ya ɗauki sirinjin ya tsiyaye ta duka a gwangwanin damu. Kafin in juyo gwangwanin na hayaƙi, buroshina ya daskare a ciki tsaye kamar an dasa shi. Ya dube ni ya ce, wai ashe kayana ba su da kyau. Ku riƙe wannan "to" ɗin, za ku sha jin ta. Mai kaya ba ya musu da kai. Zai ce to, ya jira ka ba da baya. Na yi wa mutum gyaran murfin babur na ajiye a inuwa, na dawo na tarar ya ɗora shi a kan rufin kwano don ya taimake ni. Na liƙe tankin wani mai gidan burodi, ya sa aka mirgina shi kusa da tanda. Kowannensu da kyakkyawar niyya ya yi, kuma kowannensu ni ya zaga daga baya.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda 'yan bindiga suka tsare hanyoyi. Ƙauyukan wajen Bobi da Mashegu suka kwararo cikin gari, mutane suka cika kangaye da barandar shaguna. Motocin ƙauye suka daina fita, motar da ba ta fita kuwa bambarta ba ta fashewa. Ruwan fiba mai kyau ya daina zuwa, sai wani da ake kawowa a jarkoki marasa suna, an sirka shi da abin da Allah kaɗai ya sani. Duk gwangwanin da na gwada da shi sai ya naɗe har ya kusa cizon wutsiyarsa. Na zauna ina liƙe bahon wanka da kujerun coci da na makaranta. Amma akwai ragowar ruwa mai kyau, fari tas, a wani ɗan galan da na tura ƙarƙashin benci, na ce ba zan taɓa shi ba sai aikin da ya isa.

A tsakiyar daminar shekarar Inna Hajjo ta zo. Bafulatana ce daga wajen Bobi, doguwa, siririya, ta manyanta, da wani abu babba a kanta naɗe cikin zane. Ta ce gyartai na kasuwa, mai ɗinkin ƙwarya, shi ya turo ta. Ta sauke kayan a kan bencina da hannu biyu, ta warware zanen a hankali. Ƙwarya ce wadda hannu biyu ba sa zagaye ta, ta yi ja har ta doshi baƙi saboda tsufa da man shanu, bayanta duk sassaƙa. Ta tsage daga baki har kusan rabi. Ga kuma tsofaffin ɗinki nan da can, na shekarun baya. Gyartai ya ce mata babu sauran inda basilla za ta shiga, duk inda ya soka marmashewa yake.

Ba ta yi doguwar magana ba. Ta kakarta ce, uwarta ta gada, ita ma ta gada. Ranar da suka gudu ita kaɗai ta ɗauka cikin jerin ƙorenta, ta faɗi da ita a tsallaken wani rafi. Shanun an kore su kakaf. Amma a al'adarsu, wanda aka yi wa irin wannan, ɗan'uwa yakan ba shi aron saniya ya riƙe har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma gida. Wani ɗan'uwan mijinta ya yi musu alkawarin saniya mai ciki, ɗanta ya tafi ya koro ta. Abin da take so shi ne ranar da za a fara tatsar saniyar nan, a cikin wannan ƙwaryar madarar za ta sauka, ba a wani abu ba.

Na ce mata, "Inna, wannan ba aikina ba ne. Ruwan nan da abinci ba sa haɗuwa, ba zan shafa shi inda madara za ta zauna ba."

Ta ce, "To shafa inda ba za ta zauna ba."

Na juya ƙwaryar ina dubawa, don in samo wata hujjar da zan sallame ta da ita, sai na ga maganarta ta fi tawa. In na yi mata riga ta baya, siririya, ta rufe ta duka, to jan nan da yake ɓata mana aiki kullum shi zai yi aikin. Rigar za ta tsuke ta ko'ina, ta matse ƙwaryar kamar an ɗaura mata ɗamara, bakin tsagar ya haɗe da kansa. Sharaɗin ɗaya ne: ta tsuke daidai wa daida ta kowane gefe, kuma a hankali. In gefe ɗaya ya riga ɗaya nuna, ba matsewa zai yi ba, murɗewa zai yi, ƙwaryar kuwa ba ta da ƙarfin ko da wasa. Na faɗa mata sai na goge bayan da samfefa don ruwan ya sami wurin kamawa, saboda maiƙon da ya ratsa ta. Ta ɗora tafin hannunta a kan sassaƙar ta ce samfefa ba za ta taɓa nan ba. Muka yi ta ja-in-ja har muka daidaita: zan goge bakin kawai, faɗin yatsa, da gefe biyu na tsagar. Sauran rigar za ta kwanta a kan zanen ne ba tare da ta kama shi ba.

Ban taɓa yi wa wani aiki shirin da na yi wa wannan ba. Na jawo ɗan galan ɗin nan daga ƙarƙashin benci. Na jera gwangwanaye a kusurwar da ta fi sanyi a shagon, kowanne da yawan hadinarsa, har na sami wanda ya ɗan sunkuyar da kai kawai. Na sayo sabbin ƙore masu araha a kasuwa, na tsaga su da gangan, na yi musu riguna. Wadda na yi wa mai kauri ta fashe tun kafin la'asar. Wadda na ajiye a bakin ƙofa, rabi a haske rabi a inuwa, ta murɗe ta rabu biyu. Wadda na yi wa siririya a can ciki, ina juya ta lokaci-lokaci, tsagarta ta rufe. Na ɗauki wadda ta rabu biyun na nuna wa Inna Hajjo, na ce mata ga abin da rana take yi. Na ce aikin zai ɗauki kwanaki, shafi bayan shafi, kuma har a gama ƙwaryar ba za ta ga rana ba. Ta ce to.

Da na ji "to" ɗin nan na tuna direban Mashegu. Na kira maƙwabcina mai gyaran rediyo, wanda ya iya Fillanci, na ce ya maimaita mata da harshenta. Ta bari ya gama tsaf, sannan ta dube ni.

"Mai fiba, ni ba kurma ba ce. Ina riƙon ƙwarya tun ba a yaye ka ba."

Kullum da safe sai ta zo ta zauna a bakin benci, ta zuba wa hannuna ido. Ban taɓa samun mai duba aiki irinta ba. Ta ce buroshina ya yi kaushi. Ta ce warin ruwan zai kori ƙuda har ya kori saniya. Abin da ya fi damunta shi ne kusurwar da na ajiye ƙwaryar. Kwanakin nan hadari ne ba ya yankewa, yayyafi safe da yamma, bango duk ya jiƙe. Ta ce ƙwarya ba ta kwana biyu a duhu da damina, fumfuna za ta kama cikinta, ta yi tsami, madara ta riƙa lalacewa a ciki har abada. Ta ce tun tana yarinya, da an wanke ƙore sai a jera su a rana, ranar da ba a yi ba uwarta sai ta ja mata kunne. Ban ce ƙarya take ba, don ba ƙarya take ba. Na ce ta yi haƙuri a gama, in an gama ta shanya ta har ta gaji.

Shafi na farko ya kama lafiya. Bayan na biyu na ɗauko ƙwaryar na miƙa mata, na ce ta nemo tsagar. Ta ɗaga ta saitin ƙofa, ta kafa ido ta ciki, tana neman inda haske zai ɓullo. Babu. Ta bi wurin da farce, ta sake bi. Zanen kakarta na nan ana ganinsa ta cikin rigar, ya ma fi da fitowa. Ranar na fara ganin haƙoranta. Ta ce ashe kaɗo ma yana da abin da ya iya. Ta gaya mini an aiko cewa ɗanta ya taso da saniyar, suna tafe a hankali saboda cikin ya tsufa.

Saura shafi na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi, don shi ne mai ɗaurin tabarma a baki. Ranar Juma'a na yi shi, da hantsi. Na rage hadina sosai don ya nuna a hankali, saboda haka har aka fara kiran salla yana nan da danƙo, in ka taɓa sai ya riƙe yatsa. Haka nake so. Na mai da ƙwaryar kusurwarta, na ce wa Inna Hajjo zan je masallaci, kada kowa ya taɓa, ita ma kada ta taɓa. Ta ce to. Shagon fiba ba a rufe shi da sabon aiki a ciki, wari zai taru, don haka na bar ƙofa a buɗe da Inna Hajjo a bakin benci.

Muna cikin huɗuba hadarin da ya kwana da kwanaki ya yaye. Rana ta fito irin ta tsakiyar damina, mai cizo. Da muka fito, duk layin ya zama shanya: katifu a kan katanga, barkono a kan buhu, wanki a kan kowace igiya. Ina ganin haka na ƙara sauri. Tun daga kwanar layinmu na hango ƙwaryar. An jingina ta da bangon shago ta waje, an karkata ta yadda matan Fulani suke yi in suna shanya ƙore, gefe ɗaya na kallon rana yana ƙyalli, ɗayan yana jikin bango mai sanyi. Inna Hajjo na tsugune kusa da ita tana kore mata ƙuda.

Na taɓa gefen ranar, ya yi zafi ya ƙanƙame kamar kwalba. Na taɓa na bangon, har yanzu danƙo. Na sa hannu biyu zan ɗauke ta, ban ma ɗaga ba na ji ƙas. Ƙaramin sauti ne, kamar an taka busasshen kara. Sai wani, sai wani. Tsagar da muka gyara ba ta buɗe ba, tana nan a rufe gam. Tsofaffin ramukan ɗinkin ne suka ba da kai, tsaga ta tashi daga wannan ta tarar da wancan, ta ratsa gindi ta hau ɗaya gefen.

Ta ce, "Na ga tana danƙo. Rana kuma ta fito."

Na ji haushin da ban taɓa ji ba a sana'ar nan, kuma na rasa inda zan sauke shi. Direban Mashegu na zage shi, mai gidan burodi na kore shi. Wannan kuwa abin da hannunta ya saba yi kowace safiya tun tana yarinya ta yi, don kada ƙwaryar uwarta ta yi tsami. Na shigar da ita ciki na ajiye a benci, muka zauna muna kallonta har rigar ta gama nuna.

Da na zo cire gutsattsarin, sai suka riƙa fitowa salin-alin. Man shanun da mata uku suka shafa mata ya hana ruwan kama bayanta, bakin kawai da gefen tsagar na sa wuƙa na ɓamɓare. Na ɗebe su ɗaya bayan ɗaya ina miƙa mata. Da na cire na ƙarshe, ga rigar a hannuna, lafiyarta ƙalau, ba ta ko murɗe sosai ba. A cikinta kuwa zanen ƙwaryar ne duka ya fito, kowane layi, kowane ɗigo, har da ramukan basillar gyartai. Inna Hajjo ta karɓa ta sa yatsa tana bi. Ta nuna mini wani zagaye ta ce wannan garke ne, wannan layin hanyar rafi ce. Ta tsaya a wani ɗan karkataccen layi kusa da gindi ta ce nan wuƙar kakarta ta zame, ana ba da labarin a gidansu.

Na ce mata ta tafi da ita. Na ce ba ta yoyo, ba ta fashewa, ko ba a zuba madara ba za ta ajiye ta ta riƙa gani. Ta kai ta hanci ta shinshina, ta ajiye a benci.

"Wannan bai san nono ba," in ji ta.

Ta shimfiɗa zanenta ta tattara gutsattsarin, har marmashin da ya zuba a ƙasa ta tsince. Ta ɗaure, ta ɗora a ka, ɗaurin bai kai rabin girman wanda ta zo da shi ba. Ta yi mini sai an jima kamar yadda take yi kullum. Na buga ƙusa kusa da ƙofa na rataye rigar, don ban san abin da zan yi da ita ba, kuma hannuna ya ƙi kai ta bola.

Sai bayan kaka na sake ganinta. Ta shigo da yamma da wani ɗan bokitin roba shuɗi mai murfi, irin wanda ake sayar da fenti a ciki. Saniyar ta haihu, mace. Ta ce in kawo kofi, ta tsiyaya mini kindirmo, ta tsaya sai da na sha. Ba ta ambaci ƙwarya ba, ni ma ban ambata ba. Har ta juya za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa. Ranar yamma ta shigo ta gefen rumfa ta sauka daidai kan rigar, zanen duk ya haskaka. Ta daɗe tana kallo.

"Mai fiba, ɗauke ta daga nan," ta ce. "Rana tana taɓa ta."

Ban gaya mata cewa yanzu rana ba ta da sauran abin da za ta yi mata ba. Na zare ƙusar a gabanta, na kai can ciki, sama da almakashi, na buga. Shi ya sa kuke ganinta a inda hotonku ba ya fita da kyau sai kun kunna fitilar waya. Wanda yake son in koya masa wannan dizayin, ga buhun gwangwani can, ga almakashi, ya fara yanka.